Tumun da Na Ɓoye Cikin Hijabi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta rubuto ta ce, "Aina'u, in ba kya son sa ki sakar mana shi." Allah ya shirye ki, 'yar uwa. Ina son sa. Abin da ya hana ni rubutu kwanakin nan kaina ne ya ƙulle, kuma har yanzu da nake danna wayar nan bai gama warwarewa ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Aina'u, 'yar Ɗinyawa ce ni, wani ɗan gari kusa da Kunci, kuma ina koyarwa a firamaren garinmu. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, kakata Inna ce ta raine ni a gidan mahaifina, Malam Nababa. Ni ce 'yar fari, saboda haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke" ce ni, in abin ya yi tsanani kuma "yarinyar nan". Wanda ke nemana shi ne Kamaruddeen, mai gyaran waya da sola a bakin kasuwa, yana kuma taɓa noma, kuma shi ne shugaban ƙungiyar matasan gari. Ku riƙe wannan shugabancin, don shi ya jawo mana komai.

A garinmu damina tana da bukukuwa biyu. Akwai kokawar bayan noman farko, wadda aka hana bara saboda an fasa wa wani kai. Sai kuma Cin Tumu. Tumu, don 'yan birni, sabuwar zangarniyar gero ce da ake gasawa tun ba ta bushe ba. Ranar bikin ana hura wuta a filin gindin ɗinya bayan la'asar, makaɗa su zo, duk saurayin da ke neman aure da gaske ya yanko zangarniya daga gonarsa, ya gasa, ya naɗe a ganye, ya miƙa wa yarinyar a gaban jama'a. In ta murza ta ci, ta ɗaga sauran sama kowa ya gani, mata su rangaɗa guɗa, sai batun turo magabata. In ta juya ba ta ci ba har wutar ta mutu, to ya nemi wata. Sharaɗin ɗaya ne, tumun ya fito daga gonarka, wai a ga ko za ka iya ciyar da 'yar mutane.

Bikin kuma ba shi da tsayayyiyar rana. Baba Buwai, wani tsoho Kirista a unguwar yamma, kakan ƙawata Joyce, shi ke zaga gonaki da sandarsa yana latsa zangarniya da farce. Gidansu ke riƙe da wannan aiki tun kakannin kakanni. Ba ya cewa a yi sai ya ga gonar da ta fi kowace makara ita ma ta nuna, don kada a bar wani saurayi hannu rabbana.

To bana gari ya rabu uku. Matasa suka ce a sa rana a kalanda, Asabar ɗin ƙarshen Agusta, a buga fosta, a kawo lasifika, 'yan garin da ke aiki a Kano su san ranar da za su nemi hutu. Malam Hadi, limamin unguwarmu, da mutanensa suka ce a soke bikin gaba ɗaya kamar yadda aka soke kokawa, cakuɗuwar maza da mata ta yi yawa. Tsofaffi suka ce a bar abu yadda aka same shi. Aka zauna a ƙofar dagaci aka tashi, aka sake zama aka sake tashi. Daga ƙarshe dagaci ya yanke hukunci cewa kowa ya yi haƙuri da kowa, kowane ɓangare kuwa ya koma gida yana murna shi ya yi nasara. Mai shela ya fito da safe ya ce an fasa biki, da yamma ya ce ranar Asabar ne, washegari ya ce sai Buwai ya yi magana. Wallahi har ɗalibaina suka riƙa tambayata, "Malama, wai akwai biki ko babu?" Na ce su buɗe littafin lissafi.

A wajen wannan taron ne Kamaruddeen ya miƙe ya yi maganar da ta zame mana ƙaya. Cewa ya yi, "Zamani ya wuce a ce gari guda yana jiran farcen mutum ɗaya."

Matasa suka yi tafi. Mahaifina kuwa ya dawo gida fuskarsa kamar hadari. Ya tsaya a tsakar gida, bai kalle ni ba, bango yake kallo, ya ce, "Wallahi duk wanda ya miƙa tumu a wannan bikin na lasifika, ba zai taka zaurena neman aure ba."

Inna tana zaune tana tsinkar rama, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni kuma, Nababa, wanda bai kawo tumu ba ban san shi ba. Ko da mota ya zo."

Baba ya shige ɗaki. Ni kuma na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallon su biyun, wato ƙofar da ya rufe da tsohuwar da ta ci gaba da tsinkar ramarta. In ya kawo, Baba ya kore shi. In bai kawo ba, Inna ta kore shi. Ku gaya min, 'yan uwa, ta ina mutum zai ɓullo?

Abin da ya fi ɗaure min kai, Baba yana ɓangaren masu cewa a soke biki ne. To in biki bai dame shi ba, me ya sa maganar farcen Buwai ta ƙona masa rai haka? Da ya fita masallaci na matsa kusa da Inna na tambaye ta.

Ta ce, "Miƙo min ƙwaryar nan tukuna." Na miƙa. Ta ce, "Shekarar da ubanki ya nemi uwarki, tsutsa ta cinye masa shuka, ya sake wata. Ba shi da uba, ba shi da wa, daga shi sai ni. Geron gari duk ya nuna, yara suna kukan tumu, samari sun ɗinka riguna. Kullum Buwai ya zaga ya dawo ya ce bai nuna ba. Babu zagin da bai sha ba, har cewa aka yi idonsa ne ya mutu. Ya toshe kunne. Sai da na ubanki ya nuna, sannan ya ce a hura wuta."

"To me ya sa yanzu yake son a soke?"

Inna ta karkaɗe zaninta. "Tun da aka kai uwarki bai ƙara bi ta gindin ɗinyar nan ba. Ko kasuwa za shi sai ya zagaya ta bayan makaranta. Ke ba ki lura ba?"

Ban lura ba. Na ji kunyar kaina, na kuma ji tausayinsa ya kama ni.

Ana cikin haka Allah ya nuna ikonsa. Kun tuna ruwan da ya ɗauke bayan shukar farko? Shukar Kamaruddeen tana kan jigawa, ta ƙone ƙurmus, sai da ya sake. Fosta kuma an riga an buga, da sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe, an manna har a tashar Minjibir. Ranar da ya sa da bakinsa tana matsowa, geronsa ko bununi bai gama zubarwa ba. Na Baba kuwa, da yake a kwari yake kuma binne ya yi tun kafin ruwan farko, ya nuna ya yi kyau. Geron Baba gargasa ne, mai dogon gashi a jikin zangarniya wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kai. Irin Inna ne tun na gidan ubanta, kuma duk Ɗinyawa babu mai shuka shi sai mu.

Ranar Alhamis da yamma ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Saƙon Kamaruddeen ne.

"Ranki ya daɗe, kina online kin ƙi kula ni."

Na goge hannu a zani na rubuta, "Ina tunanin yadda za a yi ne. Geronka ya nuna?"

"Saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin nawa?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa. Can ya turo, "Kamar sati biyu."

"To ku ɗaga ranar mana."

"Aina, ni na tsaya gaban dagaci na ce rana ba ta tashi. Mutane sun nemi hutu daga Kano. In na ɗaga saboda gonata, da wane ido zan kalli yaran nan?"

"To kada ka miƙa komai. Baba ya rantse fa."

"Inna kuma fa? Jiya na gaishe ta a hanya ta ce, angona, ina jiran tumuna."

Na turo masa fuskar kuka. Ya turo min zuciya. Zuciya ba ta nunar da gero, amma na karɓa.

Ranar Asabar na tashi na tarar da Baba a tsakar gida ya shimfiɗa buhu, yana auna dawa da mudu yana zubawa a leda, ƙulli-ƙulli har goma. Inna ta ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Sadaka." Ya kwasa a kwando ya fita da kansa, ko karyawa bai yi ba. Na ce a raina, yau kuma sadakar neman tsari daga biki ake yi ke nan.

Da hantsi Joyce ta shigo tana haki, ɗankwalinta a hannu. Ta ja ni bayan rumbu.

"Aina, kin ji an shiga gonarku?"

"Wace gonar?"

"Ta kwari. Masu zuwa ciyawa sun ga an yanke kawunan gero a gefen gabas, sabon yanka. Ana cewa samarin biki ne, waɗanda nasu bai nuna ba. Baba ya sani?"

"Ya fita tun ɗazu." Na yi saurin canza magana. "Kaka Buwai fa, zai je?"

Ta taɓe baki. "Yana kwance a rumfa ya juya wa hanya baya. Wai ba a tambaye shi ba, shi ma ba zai tambayi kowa ba. Ni dai zan je, na riga na yi kitso."

Ban yi niyyar zuwa ba, Allah ya sani. Amma bayan la'asar Inna ta fito da tsohon saƙinta mai baƙi da fari wanda ke ƙamshin ƙasan adaka, ta ce, "Tashi ki raka ni, ƙafata ba ta kai ni ni kaɗai." Tsohuwar da ke zuwa kasuwar Kunci ta dawo ba ta zauna ba! Na sa atamfata koriya mai zanen ganye, riga da siket, na ɗora hijabi ruwan toka har ƙasa, na zizara kwalli. Lallen da na sa ranar Laraba, ina ce wa kaina na sha'awa ne kawai, ya kama ya yi ja sosai.

Filin gindin ɗinya ban taɓa ganin sa haka ba. Gefe guda lasifika tana ihu, gefe guda masu kalangu suna nasu, babu mai jin wani. Janareto ya mutu a tashe shi, ya mutu a tashe shi. 'Yan Kano sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Tsofaffi rabi sun zo rabi sun ƙi. Can nesa kuma mutanen Malam Hadi sun yi layi a jikin katangar makaranta, wai sun zo su ga ɓarnar da idonsu, kuma na lura babu wanda ya tafi. Wutar dai an hura ta a inda aka saba.

Aka fara. Wani ya miƙa wa Zakiyya 'yar maƙwabtanmu, ta murza ta ci ta ɗaga, guɗa ta tashi. Aka yi na biyu, aka yi na uku. Ina ta addu'a a raina kada Kamaruddeen ya fito, ina kuma addu'a kada ya ƙi fitowa. Ban san wadda nake so a karɓa ba.

Sai ga shi. Farar shadda, hula ruwan ƙasa, idanunsa sun yi ja kamar bai yi barci ba. Ya tako har gabana da abu naɗe a ganye, ya miƙo da hannu biyu. Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Na karɓa, da ɗuminsa.

Na buɗe bakin ganyen kaɗan, na leƙa. Wuta ta cinye gashin, amma guntayensa baƙaƙe suna nan tsaye a jikin zangarniyar, can gindi ma akwai waɗanda ba su ƙone ba. Tun ina yarinya nake gasa wannan gero, ko a duhu na taɓa shi na san shi. Gargasar Baba ce.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ki ci, Aina. Zan yi miki bayani."

Bayanin me? Maganar Joyce ta dawo min, gefen gabas, sabon yanka. Wato mutumin da zan aura ya shiga gonar ubana ya yi sata, ya kuma kawo min satar a gaban gari? In na ci dole in ɗaga, in na ɗaga babu tsohuwar da ba za ta gane gargasa ba, ga wayoyin 'yan Kano a sama, ga mutanen Malam Hadi a jikin katanga. Kafin magariba sunansa ya zama ɓarawon gero har Zakirai. Ina jin haushinsa kamar in rufe shi da duka, kuma ba zan iya bari a yi masa wannan tozarcin ba. Duka biyun a lokaci ɗaya nake jin su.

Na mayar da ganyen na rufe, na tura tumun cikin hijabina, na juya.

Kalangu ya yi shiru. Lasifika ce kawai ta ci gaba da haukanta. Na ji wata ta ce, "Ta ƙi!" Na ji Inna tana kiran sunana da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Ban waiwaya ba, don na san in na ga fuskarsa zan fashe da kuka a wurin.

Na iso gida tumun yana ƙona min ciki ta cikin riga. Baba yana zaure a kan buzunsa da carbi. Na durƙusa zan wuce, sai ya ce, "Ke."

Na tsaya.

Bai kalle ni ba, ƙofa yake kallo. "Na ji guɗa uku. Ban ji ta huɗu ba."

Na fito da tumun na ajiye a gabansa, hawaye suna zuba. "Baba, ka yi haƙuri. Ka yafe masa. Wallahi ba halinsa ba ne, matsuwa ce. Ban bari kowa ya gani ba."

"Kin ci?"

"Ban ci ba."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Sai a lokacin idona ya kai kan rigar gonarsa da ke rataye a ƙusa bayansa. Hannun rigar duk gashin gargasa ne ya manne, ga 'yar wuƙarsa ta yankan gero a aljihu.

Ya ce, "Jiya da yamma na bi ta jigawa. Na same shi shi kaɗai a gona yana latsa zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ruwa ne kawai ke fita. Bai ma ji zuwana ba." Ya ci gaba da jan carbinsa. "Na san wannan tsayuwar."

"Baba, kai ne ka..."

"Gefen gabas ɗin nan na bar masa shi halak malak, tun jiya. Gonarsa ce, daga gonarsa ya kawo. Ni na yanka masa da asuba, na ce kada ya faɗa wa kowa sai an gama, don kada maganar ta riga ni zuwa wurin Malam Hadi."

"Rantsuwar fa?"

"Hatsin da kika ga ina aunawa da safe fa? Kaffara ce."

Na zauna daɓas a ƙasa. "To ni me ya sa ba a gaya min ba?"

A karon farko ya juyo, ya ɗan kalle ni, ya sake kawar da kai da sauri. "Ni zan zauna in yi irin wannan maganar da ke?"

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Kamaruddeen ne. "Na gane. Ban riƙe ki da komai ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe.

Sai aka yi tsawa. Iska ta taso ta bugo ƙofar zaure, ƙamshin ruwa ya shigo. Baba ya ɗauki tumun ya miƙo min. Ya ce, "In wutar ta mutu, ba ni da abin da zan iya yi miki. Tashi, Aina'u."

'Yan uwa, sunana ya kira. Ban samu damar jin daɗinsa ba ma, na fita da gudu, takalmi ɗaya ya cire a ƙofar gida ban tsaya ɗauka ba. Kafin in kai makaranta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mutane suna ta gudu suna yo gida, ni kaɗai nake yin gaba. Samari sun rufe lasifika da leda suna ja, makaɗa sun tura kalangu cikin riga. Wata ta ce min, "Malama, ai an watse!" Na san babu wutar da za ta rayu a wannan ruwa, amma ƙafata ta ƙi tsayawa.

Da na ɓullo gindin ɗinya sai na ga mutum uku a tsakiyar fili. Joyce ta riƙe gefen wani tsohon kwanon rufi, kitson nata ya jiƙe sharkaf. Inna ta durƙusa da saƙinta a cikin taɓo tana tura kara a ƙarƙashi. Ɗaya gefen kwanon kuwa Baba Buwai ne, wanda ya ce ba zai zo ba, sandarsa a yashe a ƙasa, ruwa yana bin gemunsa, hannuwansa suna karkarwa saboda nauyi. A ƙarƙashin kwanon garwashi yana nan ja.

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna. Ya ce, "Amaryata, an ce min saura mutum ɗaya. Ba a tashi sai na ƙarshe ya ci."

Na juya inda Kamaruddeen ya tsaya ɗazu. Babu kowa, sai sawun babur ɗinsa da ya nufi hanyar Kunci, ruwa yana cike shi.

"Sai a gabansa ake ci, Kaka," na ce. "Ya tafi."

Tsohon ya gyara riƙon kwanon, ya ce wa Inna ta ƙara kara.

"To je ki nemo shi," ya ce. "Ni na saba jiran mutanen gidanku."